Kaftanin da Tela Ya Yi Ta Buɗawa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Ikara.

Nuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kun sauka Abuja lafiya, kai da Saudatu, ya huce muku gajiyar hanya da ta biki, ya sa ka shiga sabon aikin nan da ƙafar dama. Na cusa wannan takarda a aljihun farin kaftanin da ke ƙasan jakarka, don na san sai kun natsu za ka kai gare shi.

Ka ga na rubuta sunanka. Tun ranar da aka raɗa maka shi ban taɓa furta shi a gaban mutane ba. Sai dai in ce "yaron nan", don kai ne ɗan fari, kuma haka aka koya mana. Wannan kunyar ce ta hana ni zaunar da kai in dubi idonka in faɗa maka abin da ke cina. Na yi shekaru ina tsayawa gaban aji ina yi wa 'ya'yan wasu bayanin zuciya da jini, amma ɗana na cikina sai da takarda. To, ka karanta. Takarda ba ta jin kunyar kowa.

Ranar da aka yi muku walimar sallama, Gwaggonka Ladi ta zo daga Gubuchi. Kana zaune ta kama damtsenka ta matsa, ta juya wajen amaryarka ta ce, "Ke 'yar Kudan, ga shi nan mun ba ki kamar sillen kara. In Babbar Sallah ta zo kika dawo mana da shi haka, mun san ba ki iya miji ba. Ubansa fa, da Malama ta gama da shi, sai a kaikaice yake shiga mota."

Aka yi dariya. Saudatu ta sunkuyar da kai, amma na ga ta ji, kuma ta ɗauka. Kai kuma, kana tsame hannu daga miya, ka ce ai ma da aka yi maka gwajin shiga aiki wai jininka ya hau, alhali gajiyar biki ce kawai. Aka sake yin dariya. Wani ya ce jinin ango ne. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na tsaya a bayan ƙofa. Shekara biyu ke nan kacal da binne mahaifinka, kuma duk wanda ke wurin nan ya ga yadda ya ƙare.

Fushi nake yi, Nuhu. Ina fushi da Gwaggonka, ina fushi da kai, ina fushi da marigayi, Allah ya jiƙansa. Wanda nake yi da kaina ya fi duka, don su ba su karanta ba, ni kuwa na karanta.

Ba ka san mahaifinka a lokacin da na san shi ba. Da aka kai ni gidansa manomin rake ne a fadamar Gubuchi, dogo, siriri, cikinsa a shafe. Da kansa yake sara, da kansa yake ɗaure dami ya ɗora a ka. Wannan kaftanin shi ya sa ranar ɗaurin aurenmu. Ni kuma na shigo da suna a goshina: 'yar boko, wadda ta iya alli ba ta iya muciya ba. Dangin miji suka zuba min ido, kuma na gane da wuri cewa ba a tukunya za a auna ni ba, a jikinsa za a auna ni. Sai na ɗaura ɗamara. Man shanu har sai ya yi iyo a kan miya. Tantaƙwashi, kayan ciki, soyayyen nama a ajiye a samira. Shayi da safe, madara da sukari sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Da ya bar gona ya koma sarin rake a kasuwar Makarfi, ya zama mai zama a benci yana nuna wa 'yan lodi mota, ban rage masa ko ludayi ɗaya ba. Abincin mai sara nake ba mai zama. Daga baya ya sayi babur, sannan mota, har masallacin unguwa ya koma zuwa a kan taya.

Duk lokacin da kaftanin nan ya matse shi, sai a kai wa Ɗanjuma tela ya farke gefe ya ƙara ƙyalle. Ya ƙi rabuwa da shi, wai rigar sa'arsa ce. Ni kuwa duk ƙyallen da aka ƙara, ji nake kamar an ba ni lambar yabo. Gwaggo Ladi da bakinta ta ce, "Ashe boko ma na iya riƙe miji." Ranar na kwana da farin ciki. Ka ji irin abin da ya faranta ran uwarka.

Saboda haka ka ji na farko: kada ka bari a auna matarka da tumbinka. Kai ne za ka tare mata wannan, don ita ba za ta iya mayar wa danginka magana ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da na sani a makare. A aji, in zan zana hanyoyin jini a allo, ja da shuɗi nake zana su, tsirara, kamar bututun famfo. Haka suke a littafin da na koya, haka na koyar. Sai bayan mahaifinka ya kwanta, lokacin da ba ni da aikin yi a gefen gadon asibiti sai karatu a waya da damun likitoci da tambaya, na gane cewa a jikin mutum ba tsirara suke ba. Kai ma ka sha gani ba ka kula ba. In an feɗe ragon layya, akwai wata babbar jijiya da ke bin ƙashin baya, kitse ya naɗe ta. Mu mata mukan yage shi mu jefa a kasko a yi kakide. To, ashe har masu bincike sun daɗe suna yin irin namu: sukan kankare kitsen su yar, sannan su duba jijiyar, a zatonsu matashi ne kawai da Allah ya sa mata. Daga baya suka lura cewa jijiyar da aka bari da kitsenta da wadda aka kankare ba hali ɗaya suke yi ba.

Ga yadda na fahimta. Jijiyar jini tana da nama a bangonta, tana tsukewa tana saki. Kitsen da ke kewaye da ita, in yana da lafiya, yana fitar da wasu sinadarai masu sa ta saki jiki, jini ya wuce a sauƙaƙe. Wato shi ba abokin gaba ba ne, rahama ce. Amma in mutum ya tara ƙiba, musamman ta ciki, ƙwayoyin wannan kitsen sai su cika su kumbura, iskar da jini ke kai musu ta kasa isarsu, su kamu da irin kumburin da ciwo ke yi. Daga nan sai ya rage fitar da abin da ke sa jijiya saki, ya koma fitar da abin da ke sa ta ɗaurewa. Jijiya ta tsuke, a hankali bangonta ya yi tauri. Zuciya kuwa dole ta tura jinin nan. Ka yi ban-ruwa da mahaifinka kana yaro, ka san kukan da inji ke yi in aka take mesa. Haka zuciya ke yi, sai dai ita ba a jin nata kukan. Shekara da shekaru tana yi, mutum na yawo yana cewa garau yake, har ranar da wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa za ta toshe ko ta fashe.

Ba na son in yi maka ƙarya don in tsorata ka. Ba kitsen nan ne kaɗai ke kawo hawan jini ba. Akwai gishiri da dunƙulen miya, akwai ƙoda, akwai shekaru, akwai gado, kuma gadon ka riga ka ci. Akwai ramammun da ke fama da shi. Masu binciken ma ba su gama gano komai ba. Amma wannan ɗin ne ya tsaya min a wuya, don shi ne wanda na kiwata da hannuna, ina murna. Ni ina ganin wuya ya yi kauri ina cewa hutu, a ciki kuwa ana shaƙe masa hanyoyin jini.

Kai kuma ƙirarsa ka ɗauko. Gwaggo ta matsa damtsenka ta ce sillen kara, don ita hannu take kallo. Ni maɓallin rigarka na kalla, na tsakiya, na ga ya fara ja. Irinku ba kwa ƙiba a hannu da ƙafa, a ciki kuke tarawa, inda ya fi illa. Ga shi za ka koma zama a kujera daga safe zuwa yamma, da sanyin ofis, da lemon kwalba, da mai tsire a bakin layi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. An gano hawan jinin mahaifinka da sauran lokaci. Ciwon haƙori ya kai shi asibiti, aka auna shi, ma'aikaciyar ta sake aunawa, ta kira likita. Aka ba shi ƙwaya, aka ce kullum, har iya rayuwa. Ya sha na ɗan lokaci. Wata rana ya dawo daga kasuwa ya ajiye min kwalin a kan tabarma.

"Malama, wannan ƙwayar taki ba ta san darajar alwala ba."

Na ce, "Ba tawa ba ce, Alhaji, ta likita ce."

"To ki gaishe shi. Tsakanin azahar da la'asar ina zarya bayan rumfa kamar yaron goye. 'Yan lodi har sun sa min suna. Mutum da girmansa bai isa ya riƙe alwala ɗaya ba?"

"In ka daina, jinin zai koma ya hau."

"Ya hau ina? Dube ni." Ya bugi cikinsa. "Wannan ya yi miki kama da maras lafiya?"

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, na ɗauke kwalin na sa a kan sif. Na san irin wannan ƙwayar tana sa fitsari. Abin da ban yi ba shi ne in ja shi mu koma, mu ce wa likita wannan ta hana shi sakat, a canja masa wata ko a gyara lokacin sha. Maganin hawan jini iri-iri ne, wannan ko a lokacin na sani. Tafiyar rabin yini ce. Ban yi ba, don ina tsoron a ce 'yar boko ta fara juya miji, bayan na sha wahalar wanke wannan sunan. Ya koma sayen jarkar tsimi a wajen masu mota da lasifika, wai yana wanke jini. Ina gani, na kawar da kai.

Saboda haka, cikin makon nan, ba bayan an biya albashi ba, ka je a sake auna ka, a ranaku dabam-dabam, lokacin da babu wani biki da za ka laƙa wa laifi. In aka ba ka magani ya dame ka, ka koma ka faɗa. Ko abin da ya taɓa maka na tsakaninka da iyalinka ne, wanda maza ke jin nauyin faɗa, ka faɗa, likita ya ji abin da ya fi wannan. Kada ka daina don ka ji daidai. Jin daidai ɗin aikin maganin ne.

Kana makaranta a Zariya ranar da abin ya faru, kuma ba a taɓa ba ka labarin yadda yake ba. Da hantsi ne, ana lodin rake. Ya tashi daga benci zai nuna wa direba wani abu, takalminsa na dama ya zame ya bar shi a baya, bai sani ba. Ya ci gaba yana jan ƙafa. Suka ɗauka wasa yake. Da ya buɗe baki maganar ta fito a narke, sannan ya zube. Mutanen da suka ɗauke shi masu ƙaunarsa ne. Suka yayyafa masa ruwa, suka yi masa fifita, wani ya ce iska ce, wani ya ce hannu aka sa masa saboda kasuwa. Ga asibiti nan cikin gari, suka wuce shi suka kai shi Gubuchi gidan Gwaggo, aka yi hayaƙi, aka wanke rubutu ana ɗura masa a bakin da ba ya iya haɗiya. Sai bayan la'asar aka tuna da ni. Da muka isa asibiti likita ya tambayi ƙarfe nawa abin ya fara, na faɗa masa, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu, na gane mun makara.

Ka koya wa Saudatu wannan, ka koya wa maƙwabcinka. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta narke, asibiti kai tsaye. Addu'a ba a hana ta ba, a yi ta a cikin mota.

Sauran ka gani da idonka, ko da yake ba duka ba. Damina biyu yana kwance. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, mutumin da ya bar magani don kada alwalarsa ta karye. Ban taɓa faɗa masa wannan ba, amma na ga ya tuna, duk lokacin da na shigo da kwano da ruwan ɗumi ya juya fuskarsa bango. Naman nan duk ya zube. Gwaggo Ladi ta zo dubiya, ta ɗaga hannunsa ta ce, "Malama, anya kina ba shi abinci kuwa?" Na tashi na fita, don in na buɗe baki ranar, da zumunci ya yanke.

Kada ka riƙe ta a zuci. Na daɗe ina juya abin. Sun tashi a lokacin da yunwa ke shiga gida ta ɗauki yaro, ta binne ƙannenta biyu tana ƙarama. A wurinta rama ita ce mutuwa, ƙiba ita ce tsira, kuma ba wanda ya zo ya gaya mata an sami wata sabuwar hanyar mutuwa da ke shigowa da ƙoshi. Ƙaunarka take yi. Ka gaishe ta, ka yi mata alheri, kada ka bi maganarta.

Wata Jumma'a, kusa da ƙarshe, ya nuna min yana son kaftanin. Na sa masa. Ya zauna a ciki kamar an rataya shi a ƙusa. Ya sa hannunsa mai lafiya yana shafa ɗinkin gefen, ƙyalle bayan ƙyalle, kowanne farinsa dabam don ba shekara ɗaya aka saye su ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan na gane abin da yake cewa: "Duk nan ni ne?"

Na ce, "Kai ne, Alhaji."

Ya ce, "Ki ajiye wa yaron nan."

Wannan sashen na Saudatu ne, ka miƙa mata, ko ka karanta mata da ƙarfi, kada ka tsallake komai.

'Yata, na gan ki a madafa kwanakin da kika yi a gidan nan. Hannunki na da daɗi, kuma kina son a yabe ki, kamar yadda nake a shekarunki. Ki rage masa mai da gishiri da dunƙule, a hankali, harshe yana sabawa. Daddawa da citta da tafarnuwa suna nan. Ki yawaita zogale da rama da wake. Ki bar sukari ya zama baƙo a gidanki. In ya dawo ofis ya miƙe a kujera, ki tashe shi ku taka, ko zuwa bakin titi ne ku dawo. Abin da ya sanyaya min rai a duk karatun da na yi shi ne, wannan kitsen yana iya farfaɗowa. In jiki ya motsa, ƙibar ciki ta ragu, yakan koma yi wa jijiya aikinsa na da. Ke ma ki auna naki, musamman in Allah ya kawo rabo. Da Sallah kuwa, in kun zo aka ce ya rame, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce, "Malama ce ta ce." Ki bar min Gwaggo. Na yi shekaru ina gudun sunan 'yar boko mai juya gida, yanzu na karɓe shi, ba abin da ya rage da zai ƙwace min.

Nuhu, na dawo gare ka. Wasiyyar mahaifinka na cika, amma ka warware kaftanin ka duba gefensa. Makon jiya na kai wa Ɗanjuma. Ya tsufa, sai da ya sa tabarau ya gane aikinsa. Na ce ya farke duk ƙyallen da ya taɓa ƙarawa, ya mayar da rigar yadda take ranar ɗaurin aurenmu.

Ya ce, "Malama, rigar Alhaji ce fa. Mu riga buɗa ta muka saba yi. Yaron ai zai cika ta, ki ba shi shekara biyu."

Na ce, "Abin da na zo hanawa ke nan. Farke."

Ya farke. Yana yi yana share ido da bayan hannu, ni ina tsaye a kansa. Da ya miƙo min ƙyallayen na yi niyyar aika wa Gwaggonka, tunda ta fi kowa son su. Sai na fasa, don ba ita ta dafa ba. Suna cikin adakata.

Na auna rigar da tsohuwar rigarka, za ta yi maka daidai, ba ta da wurin ƙari ko na yatsa biyu. Ka riƙa sa ta ranar Jumma'a. Ranar da ka ji ta fara kama ka a ciki, kada ka nemi tela. Na binne mutum ɗaya da ya bi ta wannan hanya, ba ni da ƙarfin juya wani a kan gado, balle kai.

Allah ya tsare min kai a tafe da zaune, ya tsare zuciyarka da duk hanyar da jininka ke bi. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa kai za ka tsaya a kaina ranar da tawa ta zo. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ƙannenka suna gaishe ku.

In an auna ka, ka kira ni ka faɗa min abin da aka samu. Zan ɗauka, kuma zan kira sunanka.

Wassalam.

Mahaifiyarka.